Ƙera firam ɗin keke: yadda faɗin bututu ke sauya tauri da tuƙi

Aikin shi ne ƙera firam ɗin ƙarfe na keken doguwar tafiya, don mutum mai tsayin mita 1.88 da nauyin kilo 90, wanda ke ɗora kaya kamar kilo 20 a kariya. Kukansa da tsohon kekensa biyu ne. In ya saki feda a gangara, gudu ya yi gudu, sai kan keken ya kama rawa hagu da dama. In kuma ya miƙe tsaye a kan feda yana hawan tudu, sai ya ji kamar bayan keken na bin wata hanya daban da ta gaban. Shi a ganinsa ƙarfen ne ba mai kyau ba, har ya zo da sunan wani ƙarfe mai tsada da yake so a yi masa sabon da shi. Ƙarfen kuwa ba shi da laifi. Sandunan ne suka yi wa jikinsa siranta.

Kafin in ɗauki biro sai da na bi abubuwan da ke sa kan keke rawa ba tare da hannun firam a ciki ba, don ba a ƙera sabon firam saboda boris ɗin wuya ya saki. Na matse birkin gaba na girgiza keken gaba da baya, ban ji ƙas-ƙas a wuya ba. Tayoyin a miƙe suke, wayoyinsu a ɗaure, kariya ma daram. Daga nan na auna faɗin sandunan. Sandar sama, wadda ta tashi daga wuya zuwa ƙarƙashin sirdi, milimita 25.4. Sandar ƙasa, daga wuya zuwa gidan feda, 28.6. Sandar sirdi ita ma 28.6. Wannan shi ne tsohon awo, inci ɗaya da kuma inci ɗaya da ɗaya bisa takwas, wanda maƙeran Ingila da Italiya suka shekara da shekaru suna yi wa kowa, gajere da dogo. Samfurin bututun da ke rubuce a jikin firam ɗin na da kaurin bango 0.8/0.5/0.8 a sandar sama, 0.9/0.6/0.9 a ta ƙasa.

Lambobi ukun nan na nufin bututun ya fi kauri a bakinsa biyu, inda wuta za ta taɓa kuma inda nauyi ke taruwa, tsakiyarsa kuwa an sirantar da ita don rage nauyi. Daga waje ba ka ganin komai, bambancin a ciki yake. Kamfanin Reynolds na birnin Birmingham ne ya yi rajistar wannan dabara a 1897, kuma har yau a kanta ake.

Abin da na fara zaunar da mai keken na bayyana masa shi ne tauri daban, ƙarfi daban. Ƙarfi shi ne yawan nauyin da bututu zai ɗauka kafin ya lanƙwashe ya ƙi dawowa, ko ya tsage. Tauri kuwa shi ne gwargwadon yadda yake ba da kai a ƙarƙashin nauyin da bai kai ya lalata shi ba, sannan ya koma yadda yake. Rawar kai da lilon baya duk maganar tauri ce. A nan kuma duk ƙarafan keke ɗaya suke: daga baƙin ƙarfen keken dako har zuwa mafi tsada, ma'aunin taurinsu yana wajen gigafaskal 200 zuwa 207. Ƙarfen Reynolds 853 ya haura megafaskal 1200 a ƙarfi, Reynolds 525 na tsakanin 700 da 900, amma ka yanko bututu biyu masu faɗi ɗaya da kauri ɗaya daga cikinsu, ka rataya musu nauyi ɗaya, lanƙwasa ɗaya za su yi. Kuɗin da ka ƙara a kan mai tsadar izini kawai ya saya maka na ka sirantar da bango ba tare da ya karye ba. In ka sirantar ba ka ƙara faɗi ba, to ka sayi keken da ya fi na da laushi da kuɗi mai yawa.

Lissafin da nake yi ba ya bukatar komai sai kalkuleta. Ka cire kaurin bango daga faɗin bututu, abin da ya rage ka ninka shi da kansa sau uku, sannan ka ninka da kaurin. Lambar da ta fito ita kaɗai ba ta da amfani, sai ka gwada ta da ta wani bututun. Kuma rabon da ta ba ka ya shafi lanƙwasa da murɗewa duka biyu, muddin bututun zagayayye ne. Ni nakan ɗauki 25.4 mai bango 0.6 in ba shi maki 100. A kan wannan, 28.6 mai 0.6 yana da 144. Na 31.8 mai 0.6 yana da 199. Na 34.9 mai 0.6 kuwa 265. Ƙarin milimita uku da ɗigo biyu, wanda ido ma da ƙyar yake kamawa, ya ƙara tauri kashi 44 cikin 100, nauyi kuma kashi 13 kacal ya ƙaru. In ka ce ta hanyar kauri za ka nemo wannan makin na 144, sai bangon 25.4 ɗin ya tashi daga 0.6 zuwa 0.9, nauyinsa ya ƙaru da kusan rabi. Ga kuma juyin abin: 28.6 mai bango 0.4 yana da maki 98, wato kusan daidai da 25.4 mai 0.6, amma ya fi shi rashin nauyi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka mai kallon faɗin sanda daga nesa ya ce wannan keken ya fi wancan tauri, zai iya yin kuskure.

Duk wanda ya san kekunan dako masu sanda biyu a sama, irin Phoenix da ake ɗora wa buhu da jarkoki a garuruwanmu, ya ga ɗaya hanyar magance wannan matsalar. An ƙara sanda ta biyu, an ninka tauri, an kuma ninka nauyin wurin. Bututu ɗaya na 31.8 zai ba da kusan wannan ninkin da ƙarin nauyi kashi 26 cikin 100. Ba raina sanda biyun nake ba, don tana ƙara tokare wuya, kuma bango mai kauri ya fi jure faɗuwa da waldar bakin titi. Amma wanda zai tuƙa kilomita ɗari a yini ba zai so ɗaukar wannan ƙarfen ba.

Sai maganar tsawo, wadda ita ce ta kayar da tsohon firam ɗin. Murɗewar bututu na ƙaruwa daidai da tsawonsa, lanƙwasa kuwa da tsawo sau tsawo sau tsawo. Sandar sama ta ƙaramin firam takan kai milimita 530, ta wannan mutumin 600 ce. Da bututu iri ɗaya, tasa ta fi murɗewa da kashi 13 cikin 100, ta fi lanƙwasa da kashi 45. Bayan haka wuyan firam ɗinsa ya kai kusan milimita 200. A ƙaramin firam sandar sama da ta ƙasa sun kusa haɗe kai a wuya, gaban ya zama mai kusurwa uku na gaske. A dogon firam sun ware, gaban ya koma mai kusurwa huɗu, shi kuwa ya fi saurin murɗewa. Ƙara da cewa dogon mutum yawanci ya fi nauyi, sirdinsa ya fi nisa da ƙasa. Abin da ya yi wa mai kilo 60 daidai, a ƙarƙashin mai kilo 90 da kaya igiya ce.

Alminiyam ya fi kowa nuna cewa faɗi ne mai maganar. Taurinsa kusan gigafaskal 69 ne, kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe, nauyinsa ma kusan haka. Firam ɗin Vitus 979 na Faransa, da aka yi da bututun alminiyam masu faɗi kusan irin na ƙarfe, ya yi suna wajen laushi. Da Klein da Cannondale a Amurka suka kumbura bututun, sai mutane suka koma kukan alminiyam ya cika tauri. Ma'adinin bai sauya ba. Bututun alminiyam mai faɗi 44 da bango milimita 1 ya ninka na ƙarfe 28.6 mai 0.6 tauri, kuma bai kai shi nauyi ba. A kan wannan Vitus mai laushin ne kuma Sean Kelly na ƙasar Ayalan ya ci manyan tsere a shekarun 1980, abin da ya kamata ya sa masu cewa laushin firam na shanye ƙarfin ƙafa su ɗan sassauta. Ƙarfe in ya lanƙwasa ya dawo, kusan duk abin da ya karɓa yake mayarwa. Ni dai ban taɓa zaɓen bututu don tsoron asarar ƙarfin ƙafa ba. Don tuƙi nake zaɓa.

To me zai hana a yi ta ƙara faɗi ana rage bango? Lotsewa. Gwangwanin lemo ka ɗauka: ba ka iya murɗa shi cikin sauƙi, amma ɗan yatsa ya ishe shi ya burma. Tsohuwar ƙa'idar maƙera ita ce kada faɗi ya wuce kaurin bango sau 50. Na 28.6 mai 0.6 yana kan 48, na 31.8 mai 0.6 yana kan 53, mai 0.5 ya kai 64, mai 0.4 kuwa kusan 80. Ƙarafan zamani da aka gasa sun sa ana tsallake ƙa'idar, amma kan keke in ya juyo ya bugi sandar sama, ko keken ya zame ya faɗa kan dakali, tabon ba ya tashi. Keken da za a jingina a tasha, a ɗaura a saman mota da igiya, ba na kai shi 0.4.

Da wannan na yanke shawara. Sandar sama 28.6 mai 0.9/0.6/0.9, sandar ƙasa 31.8 mai 0.9/0.6/0.9, duka na ƙarfen kuromoli (mai haɗin chromium da molybdenum) na yau da kullum, ba mai tsadar da ya nema ba. A lissafi sandar sama ta tashi daga maki 84 zuwa 144, ƙarin kashi 71 cikin 100, ta ƙasa daga 144 zuwa 199, ƙarin kashi 38. Nauyin da sandunan biyu suka ƙara bai wuce kamar giram 100 ba. Na duba 31.8 a sama da 34.9 a ƙasa, na ajiye. Da mutumin ya kai kilo 110, ko kayan sun kai kilo 35, da can na nufa. Da gangan na fi ƙara wa sandar sama. Mutane sandar ƙasa suke kallo don ita ce babba, kuma gaskiya ita ke ɗaukar mafi yawan murɗar da feda ke kawowa, amma a dogon firam mai kaya a baya, siririyar sandar sama ce ke barin wuya da sirdi su riƙa juyawa kowa ta kansa.

Sandar sirdi na bar ta 28.6, kuma da dalili. Cikinta a sama 27.4 ne, wanda ke karɓar sandar ɗaga sirdi ta 27.2, wadda ake samu ko'ina, kuma siririya ce da ke ɗan ba da kai a gargada. In ka kai sandar sirdi 31.8, dole ka sa sandar ɗaga sirdi mai kauri ko ka yi ciko, ƙugiyar giyar gaba ma sai an sauya. Da yake ba da hannun haɗi na ƙarfe, wato kwaurin da ake zura bakin bututu a cikinsa, zan haɗa firam ɗin ba, ginin tagulla zan yi a kowace mahaɗa, sai na ɗauki sandar sirdi mai kumburi ta waje a sama, 29.8 da bango 1.2. Bango 0.6 a wurin da sanduna uku za su haɗu a sha wuta, ga kuma matsin sandar ɗaga sirdi a kusa, tsagewa yake yi. Ginin tagullar ma zaɓi ne da faɗi ya jawo: hannayen haɗi a ƙayyadadden awo da kusurwa suke zuwa, in ka fita daga awonsu babu su. Wuya na sa mai faɗi 36, don fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, mai sanda 28.6 maimakon 25.4, saboda doguwar sandar fok a cikin dogon wuya ita ma tana lanƙwasa in an taka birki.

Da bututun suka iso, ban yarda da abin da ke rubuce a takarda ba sai da na gwada. Kowanne na mirgina shi a kan teburin ƙarfe mai shafaffen sama. Kusan babu bututun da ba shi da ɗan doro. Inda doron yake na ja layi da maka, don in ajiye shi yana kallon sama ko ƙasa a cikin firam, kada ya kalli gefe ya ja keken hagu ko dama. Sai neman inda kauri ya ƙare. Na goge cikin bututun da tsumma, na ɗaga shi saitin haske na leƙa: inda bangon ya fara sirancewa ana ganin zobe kamar inuwa. Na zura waya mai lanƙwasasshen baki har ta kai zoben, na auna, na zana a waje, duka ɓangarorin biyu.

Wannan matakin shi ne wanda sababbin maƙera suka fi tsallakewa, kuma shi ke kashe firam. Bakin biyu ba tsawonsu ɗaya ba, ɗaya an yi shi dogo don a yanke daga can. In ka yanke rarar duka daga gajeren bakin, sai mahaɗarka ta faɗa kan 0.6, ko kan gangaren da ke tsakanin 0.9 da 0.6. Firam ɗin zai fito da kyau, a yi masa fenti, ba wanda zai sani, sai bayan an sha tafiya tsaga ta bayyana dab da gefen waldar. Lissafin maki kuma tsakiyar bututu kawai ya duba. Bututu biyu masu lamba ɗaya, ɗaya mai dogayen baki ɗaya mai gajeru, ba taurinsu ɗaya ba. A sandar ƙasa na bar baki mafi tsawo a wajen wuya, don nan ne take naɗewa in keke ya yi karo ta gaba, kuma nan zan liƙa maƙalan wayar giya, waɗanda ba a so su sauka a kan gangaren kauri.

Na kuma yi ɗan gwajin tebur, wanda kowa zai iya. Ka ɗora bututu a kan katako biyu masu tazarar milimita 500, ka rataya kilo 20 a tsakiya, ka kafa agogon awo mai allura a ƙarƙashi. Kada ka rataya da waya kai tsaye, za ta lotsa bangon ta ba ka ƙaryar lamba. Ka fafe ɗan katako ya hau bayan bututun daidai, igiya ta bi ta kansa. A lissafi 25.4 mai 0.6 zai sauka kusan milimita 0.69, 28.6 mai 0.6 kusan 0.48, 31.8 mai 0.6 kusan 0.35. Allura takan nuna ƙasa da haka kaɗan, don wani ɓangare na baki mai kauri ya shigo tsakanin katakon biyu. In ta nuna sama da haka sosai, bututun da aka aiko maka ba shi ne wanda ka biya ba.

Yanka da gyaran baki aikin haƙuri ne. Na naɗa takardar zane a bakin bututun, na yanke da zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, haƙori 32 a inci, don mai manyan haƙora kama siririn bango yake ya yage shi. Sauran na ci da zarto mai rabin zagaye har bakin ya rungumi wuya ba haske a tsakani. Bututu ba a matse shi a bakin matsi tsirara, sai cikin katako biyu da aka huda daidai faɗinsa, kuma kowane faɗi da nasa katakon. A gidan feda faɗi ya fara kawo cunkoso. Gidan tsawonsa 68 ne, faɗinsa ta waje wajen 38, ga sandar ƙasa da ta sirdi da ƙafafun baya biyu duk a kansa za su sauka. Na 31.8 ya zauna ba matsala, sai dai an ɗan fafe shi inda ya haɗu da sandar sirdi. Na 34.9 kuwa kusan cinye gidan yake, shi ya sa wasu ke matse bakinsa ya zama kamar ƙwai a kwance. Hakan na ƙara tauri ta gefe, amma yana rage shi ta sama da ƙasa, yana kuma ɗan rage juriyar murɗewa. Ba kyauta ba ne, sauya wuri aka yi wa taurin.

Tagulla na narkewa a wajen digiri 870 zuwa 900, azurfar walda mai kashi 56 kuwa a wajen 620 zuwa 650. Bango 0.9 na kuromoli yana ɗaukar zafin tagulla in hannu bai tsaya wuri ɗaya ba. Na huda ƙananan ramukan shan iska a wuya da gidan feda, don iskar da ta yi zafi ta sami mafita kada ta busa narkakkiyar tagulla. Na ɗiga kowace mahaɗa a sama da ƙasa tukuna, wato a kan tsakiyar layin firam, na duba miƙewa, sannan na ɗiga gefuna. In ka fara da gefe ɗaya, yana hucewa zai ja sandar zuwa can. Wurin goge ginin tagullar nan ne haɗari yake: zarto in ya ci bututun a gefen ginin ko da milimita 0.2 ne, ka zubar da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na bangon a daidai inda ya fi shan wahala. Mazaunan gorar ruwa kuwa a tsakiyar sanda suke, kan 0.6, don haka da azurfa na liƙa su, da ɗan faranti a ƙarƙashin kowanne.

Bayan firam ba a cika maganarsa ba, alhali rabin lilon da mutumin ke ji daga can yake. Ƙafafun da suka tashi daga gidan feda zuwa tayar baya na yi su milimita 450, don dunduniyarsa kada ta riƙa bugun jakunkuna. Keken tsere 410 yake yi. Wannan ƙarin 40 ɗin kaɗai ya ƙara lanƙwasa da kusan kashi 32 cikin 100. A nan ba ka da damar ƙara faɗi yadda kake so, taya na ciki, faifan sarƙa na waje. Na sa masu faɗi 22.2 waɗanda aka matse tsakiyarsu tun daga kamfani, na kuma ƙi ƙara musu lotsi don faɗaɗa wa taya wuri, saboda kowane lotsi rage tauri yake a wuri mafi muni. Ƙafafun da suka sauko daga sirdi na ɗauki 16 maimakon 14. A keken da ba kaya bambancin ba ya wani tasiri, don tokara kawai suke yi. Amma a nan kariya a jikinsu take ɗaure, birkin baya ma a jikinsu yake, kuma yana tura su waje duk lokacin da aka matse. Da bango ɗaya, 16 ya fi 14 tauri da kusan rabi.

Da firam ya huce na mayar da shi tebur. Gyaran karkata da hannu shi ma faɗi ya shafe shi: tsohon siririn firam kana danna shi yana bi, wannan kuwa sai an sa ƙarfi, kuma da a ce bangon 0.4 ne, kafin ya bi zai naɗe. Manyan bututu masu siririn bango a wuta ake miƙar da su, ta jerin yadda ka bi mahaɗan, ba bayan an gama ba. Daga nan na ɗaure kowane firam ta mazaunin tayar baya, na zura doguwar sanda ta cikin wuya, na rataya nauyi ɗaya a tazara ɗaya, na karanta allura. A takarda sandunan gaba biyu sun ƙaru da kusan rabi in an haɗa su. A kan allura ribar ba ta kai haka ba, kuma haka ya kamata, don bayan firam da mahaɗai ma suna cikin abin da ke murɗewa.

Kusurwoyi ban taɓa su ba, da niyya. Wuya digiri 72, gocin fok milimita 50, taya mai faɗi 35, wanda ya ba da tazarar kusan milimita 60 tsakanin inda taya ke taɓa ƙasa da inda layin wuya zai sauka a gabanta. Wannan tazarar, da tsawon keken daga taya zuwa taya, su ke sa keke ya zama mai saurin juyawa ko mai son miƙewa. Faɗin bututu ba ya sauya wannan. Abin da yake sauyawa shi ne ko keken zai riƙe kusurwoyin nan in nauyi ya hau shi. Mun mayar da tayoyinsa da sirdinsa da kariyarsa na da, muka loda kilo 20, aka koma gangaren da ke ba shi tsoro. Kan bai yi rawa ba a gudun da yake yi a da. A kwana, in ya kwantar da keken, baya na bin gaba nan take, babu wannan ɗan jinkirin da ke sa mutum gyara hannu sau biyu. A tsaye kan feda kuma sarƙa ta daina gogar ƙugiyar giyar gaba, alamar gidan feda ya rage lilo.

Rawar kai dai ba a kashe ta, ɗaga ta ake yi. Firam mai tauri na tura ta zuwa gudun da ya fi wanda kake kaiwa. In aka tula kaya can sama a ƙarshen kariya, ko boris ɗin wuya ya saki, za ta iya dawowa. In ta kama ka a hanya, ka manna gwiwa a sandar sama, ka ɗan ɗaga nauyinka daga sirdi, kada ka ƙanƙame kan keken.

Ya yi zaton sabon zai fi dukan jiki a gargada, bai kuwa ji bambanci ba. Firam mai kusurwa uku biyu ta sama da ƙasa kusan ba ya motsi, ko da wane bututu aka yi shi. Abin da ke shanye gargada taya ce da yawan iskar cikinta, sai sirdi, sai sandar ɗaga sirdi gwargwadon yadda ta fito waje, sai ƙafafun fok da kan keke. Rage iska kaɗan a tayar 35 ya fi duk abin da sauya sandar sama zai yi. Fok ne kawai wurin da nake taka-tsantsan da ƙarin faɗi, don shi a sake yake ba tokara, kuma in birkin faifai ne dole a ƙara masa kauri, a nan kam hannu zai ji.

Da macen da ba ta wuce kilo 55 ba ce ta zo, mai firam ɗin santimita 50 ba kaya, waɗannan bututun ba zan ba ta su ba. Sandunanta gajeru ne, wuyan ɗan ƙarami, taurin ya riga ya samu daga siffar. Sandar sama 25.4 mai 0.8/0.5/0.8 da ta ƙasa 28.6 mai 0.8/0.5/0.8 sun ishe ta, wato kusan awon da ya gaza a ƙarƙashin wannan mutumin. In ka ɗora ta a kan nasa, nauyi kawai ka ƙara mata da keken da ba ya amsa ƙafarta. Shi kuwa na haɗa shi da gargaɗi ɗaya da ya shafi duk bututu mai sirantacciyar tsakiya: in zai rataya keken a maƙalin gyara, ya kama sandar ɗaga sirdi, kada ya matse tsakiyar sandar sama, don 0.6 ne a wurin.